Akwatunan Babur ɗin Dakta

"Sauko, Goggo. Haka ba zai yiwu ba."

Goggo ba ta sauko ba. Tana zaune a bayan babur ɗin a tsakiyar shagona, ta tattare zaninta da hannu ɗaya, ɗayan kuma ta damƙi bayan rigar mijinta kamar har sun kama hanya. Akwatin dama ya tokare mata sharaɓa. Ƙafarta ta hagu kuwa lilo take a iska, domin ƙarfen da na ɗaura ya rufe wurin da za ta taka.

"Ni ban yi ƙorafi ba," in ji ta. "Zan haƙura."

"Haƙurin cikin shago daban, na kan hanya daban," na ce mata. "Kafin azahar ƙafar nan ta mutu."

Dakta ya waiwayo daga gaba, tabaransa ya zamo zuwa kan hanci.

"Na faɗa maka tun farko akwai mutum a baya."

"Cewa ka yi akwai kaya a baya, Baba Dakta."

"To ita ba kaya ba ce? Tun kana rarrafe nake ɗauke da ita."

Goggo ta dungure shi a kafaɗa. "Kai ne dai kayan, Malam. Ni ce 'yar dako, ba a ma biya na."

Na kama mata hannu ta sauko. Na ɗauki alli na yi zane a inda diddigenta ya tsaya, na ce su dawo jibi.

Dakta ba likita ba ne. Malamin dabbobi ne, ya ƙare ƙuruciyarsa yana zagaya ƙauyuka yana yi wa shanu da awaki allura, da ya yi ritaya sunan ya biyo shi gida. Katanga ɗaya ce tsakaninmu. Shagona na walda yana manne da gidana, don haka tun da na tare a layin nake jin tarinsa da ƙarar rediyonsa, shi kuma yana jin gudumata. Bai taɓa cewa ta dame shi ba. Idan akuyar wani ta kumbura a unguwa, shi ake kira, ya je da 'yar jakarsa, ya dawo yana faɗan cewa mutane suna barin leda a ƙasa.

Babur ɗin na wurin aikinsa ne, aka bar masa da zai tafi. A da ja ne, yanzu ya koɗe ya koma launin bulo. Irin wanda aka daina kawowa ne, mai nauyi, ba shi da maɓallin tayarwa sai kik. Ya daɗe a lulluɓe da tamfol a tsakar gidansu, sai lokaci-lokaci Dakta ya yaye shi, ya goge, ya sake rufewa.

Abin da ya fito da shi waya ce. Yayar Goggo, wadda ta raine ta bayan rasuwar mahaifiyarsu, tana kwance a wani ƙauye can bayan duwatsu, tafiyar da mota ke wuni tana yi. Aka bugo aka ce ta daina cin abinci, ba ta kiran kowa sai ƙanwarta. Rabonsu da juna an daɗe ƙwarai.

Dalilin daɗewar kuwa kowa a layinmu ya sani. Goggo ba ta shiga mota. Ba tsoro ba ne. Da zarar taya ta motsa sai cikinta ya juya, ta yi ta amai har ta galabaita. An gwada lemun tsami, an gwada ƙwaya, an gwada zaunar da ita gaba kusa da direba da gilashi a buɗe. Zuwanta na ƙarshe gidan 'yarsu sai da aka yi mata ƙarin ruwa. A kan babur kuwa lafiyarta ƙalau, iska na dukanta, har hira take yi.

Shi ne Dakta ya je wajen masu tsohon ƙarfe ya samo akwatuna biyu, irin na zuba kayan aiki, masu murfi da maƙulli, ya turo babur ɗin zuwa shagona.

"Ɗaya dama, ɗaya hagu, da kariyar ɗaura kaya a baya," ya ce. "An ce zumunci a ƙafa yake. Ni ƙafafuna sun ƙi, nawa a taya yake."

Bayan gwajin da ya ƙi, na kwance duk abin da na ɗaura na sake sabon lale. Ban yarda na kai wuta jikin firam ɗin ba. Ƙarfen tsohon babur ya sha ruwa ya sha rana, idan ka walda a kansa yau, gobe a kan gargada nan zai tsage. Sai na lanƙwasa maɗaurai na kama shi da noti, na yanko tsohon tib na taya na shimfiɗa tsakanin ƙarfe da ƙarfe don kada su ci juna. Na ja akwatunan baya kamar taƙi guda domin ƙafar Goggo ta samu wuri. Na dama yana kan salansa, bututun hayaƙi, sai na ɗaga shi sama kaɗan, na saka falle na ƙarfe a ƙarƙashinsa da ɗan sarari, kada zafi ya dafa abin da ke ciki. Sannan na haɗa su biyun da sanda ta baya, ƙasan lamba, don kada su riƙa lilo su taɓa taya.

Dakta yana zaune a bencina duk tsawon aikin. Ba ya kallon wutar walda, ya san illarta, sai ya juya kai ya kalli titi har in gama, sannan ya juyo ya duba.

"Wannan notin ɗaya ne."

"Zan ƙara masa ɗan'uwa."

"Ƙara masa. Hanyar can ko haƙorin mutum kwancewa take yi."

A zaman nan na lura da abubuwa. Ya daina sa takalmi rufaffe, sai silifa, ƙafafun sun cika sun yi sheƙi. Daga ƙofar gidansa zuwa bencina ba nisa, amma idan ya zauna sai ya ɗan jima kafin magana ta fito. Da na gama ɗaura akwatunan na ce ya tayar mu ji ko wani abu zai yi ƙara. Ya hau, ya taka kik sau biyu, babur ya yi tari ya yi shiru. Ya kifa hannuwansa a kan tanki yana numfashi ta baki.

Na jira. Da ya ɗago na taka masa kik ɗin, babur ya tashi.

"Baba Dakta, a hanya wa zai tayar maka?"

"Gangara," ya ce. "Duk inda zan tsaya, a kan tudu zan tsaya. In sake shi ya gangara, in saki kuloci. Haka muke yi tun kafin a haife ka."

"In babu tudu fa?"

"Akwai mutane. Ban taɓa zuwa inda babu tudu kuma babu mutane ba."

Na gaya masa dai nauyi ya koma baya, gaban zai yi sauƙi, ya kula a kwana. Na kuma ce shokozobarsa ta gaji, in bai canza ba da ya faɗa rami akwatunan za su daki ƙasa. Ya yarda da wannan. Na aika aka kawo, na ɗaura.

Washegari da hantsi 'yarsu Auta ta iso. Ita kaɗai ce ta rage musu a kusa, yayyenta maza suna nesa. Malamar makaranta ce a wani gari, a gabana ta girma, har yau Yaya take ce mini. Ba ta shiga gida ba, shagona ta fara zuwa, jakarta a kafaɗa. Ta tsaya tana kallon babur ɗin da akwatunansa, na shafa musu jan fenti na ƙasa suna bushewa.

"Yaya, kai ma da kai?"

"Sannu da hanya, Auta."

"Ka san abin da likita ya ce game da zuciyarsa?"

"Ban sani ba. Na dai ga ƙafafunsa."

"To ka gani. Cewa aka yi ko guga kada ya ja. Shi ne za ka ɗaura masa akwatuna ya hau duwatsu da tsohuwa a baya?" Ta rage murya. "Don Allah ka ce masa ba zai yiwu ba. Ka ce ƙarfen ya ruɓe. Kai zai yarda da kai."

Na ajiye burushi.

"Ba zan faɗa masa abin da ba haka ba. Kuma ki sani, ranar da ya zo nan da igiyar roba a aljihunsa ya zo. Ya ce in ba ni da lokaci, da ita zai ɗaure. In na ƙi, tafiya ba za ta fasu ba, akwati ne zai shiga taya a kan gangara."

Gaskiya ce a bakinta, na san haka, ita ma ta san tawa ba ƙarya ba ce. Ta juya ta shiga gidansu.

Katanga ɗaya ce, ban saurara da gangan ba, amma na kashe injina saboda fenti ba ya son ƙura, sai maganar ta riƙa tsallakowa.

"Baba, na samo mota. Mai sanyi. Za a riƙa tsayawa duk inda Goggo ta ce."

"Tambaye ta."

"Goggo?"

"'Yar nan, in na shiga motar nan gawa biyu za a yi, ni da Yaya. Kin manta yadda aka ɗauko ni daga gidanki?"

"To a samo yaro ya tuƙa ki. Baba ya zauna."

"Wane yaro?" in ji Dakta. "Waɗannan masu gudu kamar an biyo su? Wanne ne ya san inda rafi yake cinye hanya? Ni na bi hanyar nan ina da gashi baƙi, na bi ta ina da furfura."

"Baba, likita ya ce..."

"Da kunnena aka faɗa, ina wurin. Ya ce in huta. Na huta. Tun bara nake hutawa, me ya ƙaru? Ƙafa ce ta ƙaru." Ya yi tari, aka jira shi. "Matar nan ita ta yi wa uwarki uwa. Tana can tana kira. In ta tafi ba su gana ba, ni ina zaune a nan ina kallon babur a ƙarƙashin tamfol, da wane ido zan dubi uwarki?"

"In kai ka faɗi a hanya fa, ni da wane ido zan dubi yayyena?"

Can na ji muryar Goggo ƙasa-ƙasa.

"Ni ma na ce masa a bari. Sau nawa. Ya ce in daina."

"Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo," in ji Dakta. "Tashi ki ci abinci, kin sha hanya."

Da la'asar Auta ta dawo shagon, idanunta sun yi ja. Tana riƙe da hular kwano biyu sababbi, ko ledarsu ba a cire ba.

"Yaya, akwai inda za a sa magungunansa, inda hannu zai kai ba sai an sauka ba?"

Na ce akwai. Na samo ƙaramin gwangwani mai murfi na ɗaure shi a kan tanki, tsakanin gwiwoyinsa. Ta buɗe ta rufe, ta sake buɗewa ta rufe, sannan ta ce ya yi.

Shirya kaya ya ci rabin yini. Goggo ta fito da abin da zai cika amalanke: turamen zani, sabulu, man shafawa, bargo, gwangwanayen madara, butar shayi, har da wata tsohuwar tukunya da ta ce ta mahaifiyarsu ce, tana so Yayarta ta gani. Muka baje su a kan tabarma a ƙofar shago. Na ce mai nauyi ya je ƙasa kuma gaba, mai sauƙi sama. Ina ɗaga akwatin dama in ɗaga na hagu in ji wanne ya rinjayi wani.

"Tukunyar nan ba za ta je ba," in ji Dakta.

"In ba za ta je ba, ni ma ba zan je ba."

"To sifanoni na fa? Da famfon iska? Da tib?"

"Ka sa a aljihu."

A ƙarshe sifanonin suka shiga cikin tukunyar, aka naɗe ta da bargo aka ɗaure a kan kariya. Madara ta ragu. Galan ɗin mai ya tafi hagu, nesa da salansa.

Suka yi gwaji a layi. Na taka masa kik, Goggo ta hau, wannan karon ƙafafunta biyu suka zauna daram. Hular kwanon ta yi mata yawa, ta sa ta a kan ɗankwali. Mai aski ya fito da almakashi a hannu, matar mai kanti ta leƙo, matata ta tsaya a ƙofa da kumfar wanki a hannunta.

"Amarya da ango!" in ji mai aski. "Ina za a kai lefe?"

"Gidan ubanka," in ji Dakta, ya saki kuloci.

Babur ya ɗan yi tangaɗi a farko, sannan ya miƙe. Suka je ƙarshen layi suka kewayo ta bayan makaranta. Na tsaya ina kallon akwatunan daga baya. Ba su motsa ba. Da suka dawo na taɓa ƙasan na dama, ɗumi ne kawai. Na bi notunan ɗaya bayan ɗaya na ƙara matsewa.

Da sassafe suka tashi, rana ba ta yi zafi ba. Dakta ya sa tsohuwar rigar aikinsa mai aljihu da yawa, ya ɗaure bakin wandonsa da roba. Takalmi ya ƙi shiga, sai ya sa safa a cikin silifa. Auta ta tsaya da hannu a ƙirji.

"Duk inda kuka tsaya a kira ni."

"Za a kira."

"Ba ka wuce azahar a kan hanya. Ku kwana a gidan abokinka kamar yadda ka ce."

"To, Malama."

"Goggo, in ya ce ba komai, kada ki yarda."

"Yau na fara zama da shi?"

Na taka kik. Ya miƙo mini hannu muka gaisa, tafinsa da sanyi.

"Ka riƙa leƙa gidan," ya ce. "Famfon bayan gida yana ɗiga, in ka samu sarari."

Suka tafi. A bakin titi ya tsaya ya duba dama da hagu, ya sa ƙafa ɗaya a ƙasa, sannan suka shiga. Auta ta daɗe a tsaye bayan ƙarar ta ɓace. Ni na koma na kunna injina, akwai ƙofar wani da na yi alkawari.

Labarin hanya ta bakin Auta muka riƙa ji, domin ta zauna a gidan ba ta koma makaranta ba. Sun kwana a gidan abokin. Washegari taya ta yi faci a wani ƙauye, mutane suka taru suka taimaka, wani dattijo ya gane Dakta, ya ce shi ya ceci shanunsa wata shekara. Da yamma suka isa. Auta ta leƙo shagona da waya a hannu, fuskarta ta saki.

"Sun isa, Yaya. Wai da Goggo ta shiga ɗakin, Yayar ta buɗe ido ta ce, 'Kin yi ƙiba.' Har ta sha ruwan shayi."

"Madalla. Shi fa?"

"Wai yana nan yana faɗa da mutane a kan yadda suke ɗaure awaki."

Ta koma bakin aikinta da kwanciyar hankali. Na je na gyara famfon.

Ba a yi mako ba aka bugo. Ina yankan rodi matata ta zo ta tsaya a gabana har na kashe injin.

"Dakta ya rasu."

"Yayar dai."

"A'a. Dakta."

Na cire tabaran walda na ajiye. Na ja ƙofar shago na rufe. A can aka binne shi, nisan ya yi yawa a ce za a dawo da shi. Auta da yayyenta suka tafi da mota. Mu maƙwabta muka shimfiɗa tabarmi a ƙofar gidan da babu kowa a ciki, masu zuwa gaisuwa suna gaishe mu, muna amsawa.

An ɗauki lokaci kafin Goggo ta dawo. Wata rana da yamma na ji ƙarar da na sani tun daga bakin titi. Na fito. Babur ɗin ne, ya yi buɗu-buɗu da jar ƙasa, wani saurayi dogo siriri yana tuƙi, jikan Yayar ne, Goggo a baya da hular kwanonta. Ɗaya hular tana rataye a jikin kariya. Na kama mata hannu ta sauko kamar yadda na yi a shago.

"Sannu, Goggo. Ya haƙuri?"

"Haƙuri sai ma'abocinsa. Mun gode Allah."

Saurayin ya buga akwatin dama da tafin hannu. "Kai ne mai aikin nan? Ko ƙara ba su yi ba, duk gargadar nan."

Na duƙa na duba. Noti ɗaya ya ɗan saki a hagu, ɗan'uwansa ya riƙe shi. Sauran suna nan yadda na bar su.

Bayan mata sun ragu, ni da matata muka shiga gaishe ta. Tana zaune a kan tabarma a tsakar gida, ta miƙe ƙafafu. An jingine babur ɗin a inda yake zama. Ba mu tambaye ta ba, ita ta fara.

"Lafiyarsa ƙalau a hanya. Wallahi har waƙa yake yi. Yana nuna mini, nan na taɓa faɗuwa, nan wani bijimin sa ya kore ni na hau bishiya. Ni ban san ya san duniya haka ba. Kullum dai ya fita ya dawo da warin shanu, ban taɓa tambayar ina ya je ba."

Matata ta ce, "Allah sarki."

"Ranar kuwa da safe aka zo aka ce saniyar maƙwabta ta kasa haihuwa. Na ce Malam, ka bari. Ya ce duba kawai zan yi. Kin san dubawarsa. Ya tuɓe riga ya sa hannu. Aka daɗe. Ya ciro ɗan maraƙin da ransa. Ya dawo ya ce in zuba masa ruwa, na zuba, ya wanke hannu har gwiwar hannu, da sabulu, sau biyu. Ya zauna ya jingina da bango. Ya ce, 'Mace ce.' Na ce wa? Ya ce, 'Maraƙar.' Na shiga in ɗauko masa maganinsa. Da na fito shi ke nan."

Muka yi masa addu'a. Ta gyara mayafinta.

"Yayar fa?" na tambaya.

"Tana nan. Har tana fitowa rana. Ita ta riƙa ba ni haƙuri." Ta ɗan yi murmushi. "Ta karɓe tukunyar. Ta ce dama tata ce."

Ta dubi babur ɗin.

"Yaron nan ya iya tuƙi, ba laifi. Amma ba shi da baya. Da za mu tafi ban san akwai iska a hanyar ba. Sai a dawowa."

Auta ta so ta ɗauke ta ta koma da ita wurinta. Goggo ta ce ba ta shiga mota, kuma ba ta sake hawa babur. Aka bar ta a gidanta, wata jikar dangi ta zo tana taya ta zama. Matata tana leƙa ta safe da yamma. Rediyon ya daina tsallako katanga, sai na ga ina rage bugun guduma da rana ba tare da kowa ya ce in rage ba.

Da aka kwana biyu, Auta ta kira ni a waya.

"Yaya, babur ɗin nan. Kullum tana zaune tana kallonsa. Mun yi shawara da yayyena, gara a rabu da shi. In ka san mai so."

"Kun gaya mata?"

"Ta ce duk yadda muka gani."

Akwai wani mai kai burodi shaguna da ya taɓa tsayawa yana yaba akwatunan tun suna shagona. Na aika masa. Ya zo da hantsi, na yi sallama muka shiga. Goggo tana tsintar wake a faranti. Tamfol ɗin ya zame daga rabin babur ɗin, tayar baya ta sace, murfin akwatin hagu a buɗe tun ranar da aka kwashe kaya.

Mutumin ya zagaya shi, ya matsa birki, ya leƙa tanki, ya girgiza kariya da ƙarfi.

"Aiki ya yi kyau," ya ce. "Zan ɗauka yau in an yarda. In tura shi wajen mai faci."

Ya kai hannu zai rufe murfin hagu, sai ya janye da sauri. Wani gurnani ya fito daga ciki.

Na leƙa. Kaza ce, baƙa mai ɗigon fari, ta baje a kan wani tsohon tsumma a ƙasan akwatin, ta kumbura gashinta, tana kallonmu da ido ɗaya.

"Kwanci take yi," in ji Goggo, ba ta ɗago daga farantin ba. "Ta maƙwabtan baya ce, ta katanga take shigowa."

"Sai a ɗauke ta a sa a kwali," in ji mai burodi.

"In aka taɓa ta za ta watsar da ƙwan." Ta hure ƙaiƙayi daga tafin hannunta. "Ka dawo in ta ƙyanƙyashe, ɗana. Babur ba gudu zai yi ba."

Mutumin ya dube ni. Na ce masa zan aiko. Na raka shi ƙofa, na dawo in gyara tamfol ɗin. Rana ta fara kaiwa kan akwatin, sai na ja gefe ɗaya na rufe masa sama, na bar bakin a buɗe. Goggo ta ɗebi ɗan wake da ya fashe ta watsa kusa da tayar baya. Kazar ba ta motsa ba.